Tsiyaya wa Ƙasa

Shekarata ta biyu a garin Sabha, can ƙetaren sahara, muna aikin gini a unguwar Mahdiya ni da wani magini Bakano da ya girme ni. Ranar nan da azahar muka sayi fura wajen wata 'yar ƙasarmu Nijar. Kafin in kai kofin bakina sai na karkata shi, kaɗan ta zuba a yashi.

"Kai, me ka yi haka?" in ji shi.

"Na tsiyaya wa ƙasa, Yaya."

Bakina ne ya faɗa, ban shirya ba. Ya ajiye kofinsa, ya ce shi dai man girki ya san ana tsiyayawa a kwalba. Ƙasa ƙishirwa take ji? In yi hattara, abin ya yi kama da tsafi.

Aikin ranar bai yi kyau ba. Sau biyu ina ɗora bulo a karkace. Kakata kawai nake gani, tsugune a ƙofar ɗakinta a ƙauyenmu, tana karkata ƙwarya a hankali, furar na sauka siririya kamar zare, bakinta na motsi. Ba ta cewa zuba, ba ta cewa zubar. In yaro ya kifar da kunu, ya zubar. Tsiyaya kuwa da niyya ake yi, kuma akwai wanda ake yi wa. To, wa?

Kwana uku ina tambayar tsofaffin unguwar Tayuri, inda mutanenmu ke zaune. Wani ya ce na arnan da ne, wani ya yi dariya ya wuce. Na kasa zama wuri ɗaya, sai na kira mahaifiyata a waya.

"Inna, wa Kaka take tsiyaya wa fura?"

Sai ta ce:

"Wa ya tuna maka wannan? 'Ya'yanta ne, uku, da yunwa ta kwashe kafin a haife ni. Cewa take ba za ta sha ba alhali suna kallo. Malamai sun hana ta, ta bari a gaban mutane."

Na tambayi sunayensu. Ta ce ita ma ba a taɓa faɗa mata ba, in yi musu addu'a kawai.

Ran Juma'a na sayi fura roba guda, na kai wa baƙin da suka sauka daga sahara a makon, sadaka. Bakanon ne ya kama mini ɗauka. Da suka tambayi wa za su saka a addu'a, na ce wata tsohuwa da 'ya'yanta uku.