Wayar Da Mai Kore Ya Mayar

Maƙwabcina, wanda unguwa ke kira Mai Kore saboda launin akori-kurarsa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon katako da siminti. Motar ta tsufa tare da shi. Tun daga kwanar layinmu ake gane ta: ta yi gurnani, ta ɗan yi tari, sannan ta sake kamawa.

Da ciwon mantuwa ya kama matarsa, ta manta fuskokin 'ya'yanta, ta manta tasa. Abu ɗaya ya rage mata. In ta ji motar da la'asar, sai ta gyara ɗankwali ta tsaya bakin taga, na ɗan lokaci ta san mijinta.

Ran nan motar ta kasa hawa tudun kasuwa. Babbar 'yarsa ta kawo sababbin fulogi da wayoyin inji, ta ce ko Baba ya canza ko ta ɓoye makulli. Ni na riƙe masa sifana, yana tsokanata wai hannun tsohon malami alli kaɗai ya sani. In ya cire waya ɗaya, sai ya sa sabuwa kafin ya taɓa ta gaba, don kada su rikice. Tsofaffin fulogan sun yi baƙi ƙirin, wayoyin sun tsattsage kamar diddigen manomi. Da muka gama, inji ya tashi sumul, babu tari.

Washegari ya shigo layi, motar na tafe kamar kwalekwale a kan ruwa. Taga babu kowa. Da ya shiga ɗaki, matar ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi wa yake nema.

Ya daɗe zaune a bencin ƙofar gida. Can ya jawo gwangwanin tarkacen da ya zuba tsofaffin wayoyin, ya zaɓi wayar da ta fi lalacewa, ya mayar da ita wurinta. Ya tayar da motar, ya zaga ta bayan unguwa ya dawo. Gurnani, tari, sai labule ya motsa.

"Maigida, ka daɗe," in ji ta. "Har yanzu ba ka gyara tarin nan ba?"

"Zan duba shi, uwar yara."

Sauran sababbin wayoyin sun ishe shi hawa tudu, a hankali dai. Da 'yar ta karɓi makulli don ta duba motar, ta ga tsohuwar wayar a cikin inji, sai ta rufe banet, ta miƙa wa Baba makullinsa.