Yadda Na Killace Kayan Yaya

Shekarar da na ajiye aikin buga takardu a sakatariya, na dawo gida Kazaure da tsohuwar kwamfuta. Na ɗora ta kan teburi a zaure, na haɗa ta da sola, ta zama ma'ajiyar gida, kowa na shiga da wayarsa. Abu uku na zuba mata: na farko hotunan iyali, na biyu karatun malamai, na uku hotunan takardun gonakin mahaifinmu biyar da ke Gwiwa. Na ukun ya fi komai nauyi, domin ainihin takardun gara ta cinye su a cikin akwati damina guda bayan na ɗauke su a hoto.

Sai yayana ya zo daga Babura. Yana da shagon tura finafinai a waya, kwamfutarsa kuma ta cika. Ya ce zai riƙa ajiye kayansa a tawa, ranar da ya shigo gari ya kwasa. Na ce to. Ban taɓa ce masa a'a ba tun ina goye.

'Yata ta fari, wadda ke aure a Roni, ta yi karatun kwamfuta. Da ta zo ganin gida ta duba abin da muka yi, ta tsuke baki. Ta yi mini bayani cewa ana iya raba kwamfuta ɗaya ta zama ɗakuna, kowane da bangonsa da ƙofarsa, abin da ya ɓaci a wannan ba zai tsallaka wancan ba. Kwantena ake ce musu, in ji ta, kamar waɗanda ake shago da su a bakin titi. Ta ce aikin yini ɗaya ne.

Na hana ta. Dalilina shi ne idan Yaya ya zo ya tarar an ware masa ɗaki da makulli, zai ce na ɗauke shi ɓarawo.

"Baba, kai da ba ka yarda a zuba wake da gero a rumbu ɗaya?" ta ce.

Na ce mata wake ba yayana ba ne.

Har yau ina tuna katinan memori na waya da yake zuwa da su. A leda yake ƙulle su, sun yi baƙi da maiƙo, sun bi ta wayoyin rabin kasuwa. Haka zai zauna yana cin goro, yana cusa su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye ina kallon rufi.

Wata Laraba da hantsi saƙo ya zo daga Gwiwa cewa maƙwabcin gonarmu ta bakin rafi ya matso da iyaka, dagaci yana son ganin takarda. Na buɗe kwamfuta. Hoton mahaifina na fara taɓawa, sai ga tallan ƙazanta ya rufe masa fuska, irin abin da ba zan rubuta a nan ba. Na kashe, wani ya fito. Na buɗe karatun malamai, shi ma haka. Takardun gona kuwa duk sun koma tarkacen haruffa marasa ma'ana. Na fita tsakar gida na tofar da yawu, na wanke hannuna da sabulu sau biyu, alhali madannai kawai na taɓa.

Na kira 'yata, ta taso a kan babur. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, wannan kuma ya fi ciwo. Ta ce cutar kwamfuta ce ta shigo ta katinan, ta tarar da gida babu bango ta bi ko'ina. Ta binciko takardu uku a tsohuwar wayarta, waɗanda na taɓa tura mata. Biyu sun tafi, har da ta bakin rafi. Dagaci ya saurari dattawa, aka raba wurin da ake jayayya biyu. Kunyar shuka goma sha ɗaya muka rasa, na ƙirga su da ƙafata.

Washegarin zuwan 'yata na sa ta goge kwamfutar tas. Sannan ta gina ɗakuna huɗu: takardu, karatu, hotuna, da na Yaya can gefe, wanda ba ya ganin kowa, kowa ba ya ganinsa. Kafin ta tafi na sa ta kwafi takardun nan uku ta tafi da su Roni.

Da Yaya ya zo da ledarsa, ya gwada shiga hotuna ya ji ƙofa a rufe. Ya dube ni ya ce, "Wato ka killace ni kamar akuya mai ƙazuwa."

Na durƙusa yadda na saba, na ce, "Eh, Yaya."

Na shimfiɗa masa tsohuwar jarida a kan teburin ya ɗora ledar.