Banufen da Ke Cikin Kaset

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina ajin ƙarshe a wata kwaleji a nan Katsina. A lokacin bakin kowa ya buɗe, hatta mai shayin unguwarmu yana da ra'ayi kan tsarin mulki. Malaminmu ma ya bi yayi, ya raba mu bibbiyu, ya ce kowa ya nemo wata matsala ta al'umma ya bincika. Ni dai burina in samu abin da ba zai sa ni zufa ba. Abokina ne ya ce mu duba yadda ake nuna ƙananan ƙabilu a wasannin kwaikwayon Hausa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, a ce kallon talabijin ne karatu, wa zai ƙi?

Abokin nan nawa Banufe ne, amma a Katsina aka haife shi, a GRA ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne. In yana Hausa sai ka rantse kakansa ne ya gina ganuwa. Kun san mu Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ba na raga masa. Kullum sai na tambaye shi ina ya ɗaure kwalekwalensa. Shi kuwa murmushi kawai yake yi, bai taɓa ramawa ba, ni kuma na ɗauka sanyin hali ne. Gidanmu na Ƙofar Guga kamar gidansu ne. Mahaifiyata tana ajiye masa tuwo, kuma ba ya wuce zaure sai ya durƙusa ya gaida mahaifina.

Wata rana da la'asar ya kira ni gidansu, ya ce ya samo wani tsohon kaset da za mu fara da shi. Ya saka a bidiyo. Hoton duk ya dushe, yana ta rawa. Can sai ga wani mutum, wai shi Banufe, ya shigo da ƙatuwar malafa da gemun auduga, an rataya masa busasshen kifi a wuya, yana tafiya yana tangaɗi kamar yana cikin jirgin ruwa, yana kakkarya Hausa, sauran 'yan wasan suna toshe hanci. Tun kafin in ga fuskar sosai na ji ya yi gyaran murya. Wannan gyaran muryar da shi ake tashinmu sallar asuba. Mahaifina ne.

Na san ya yi wasan kwaikwayo yana matashin malamin makaranta, tun kafin ya je Makka ya zama Alhajin da ake kawo wa sulhu. Ina yaro har ɗan Banufe ake ce mini a unguwa, ina ta fankama da sunan. Amma wallahi ban taɓa haɗa wancan da abokina ba, sai ranar.

Abokina ya tsayar da kaset ɗin, ya ce, "Ka ga wannan tafiyar? Ita yara ke yi a bayana tun daga bakin makaranta har aji, duk washegarin da aka nuna shirin. Kan kifi kuwa ban san iyakar wanda na tsinta a jakata ba. Har na hana mamana zuwa makarantarmu don kada ta yi magana a ji. In ta yi mini Nufanci a gida sai in amsa da Hausa, har ta gaji ta bari."

Ya faɗa ne ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce masa kaina ke ciwo, na hau kekena na gudu. Jarumin naku ke nan.

Na yi kwanaki ina zille masa. In na hango shi ta gaban aji sai in bi ta baya. A gida kuma na kasa haɗa ido da mahaifina. Yana alwala ina ganin kifi a wuyansa. Daga ƙarshe abokina ya ritsa ni a gindin bishiyar bedi, ya ce, "Malam, gudun me kake yi? Don Baba ne?"

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Tun ranar da na fara zuwa gidanku. Muryar da ta bi ni shekara da shekaru, ita zan manta?"

Jama'a, wannan ta fi ta farko zafi. Ashe duk durƙuson nan da yake yi a zaurenmu, ya san gaban wa yake durƙusawa. Ya ce shi ba tonon asiri ya zo yi ba, so yake mu yi hira da Baba don binciken, in kuma ba zan iya ba mu canza batu, ba komai. Na san in muka canza, zumuncinmu ya zama na gaisuwar hanya. Na ce mu je.

Muka sami Baba a zaure bayan azahar. Da ƙyar na haɗa maganar, ina ta kame-kame. Baba ya bushe da dariya, ya ce, "Yo mi ya yi zafi? Ai wasa ne! Mu da Nufawa haka muka gada. Ko ba haka ba, ɗiyana?"

Abokina ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne, Baba. Amma wasan da muka gada, in an yi maka kana ramawa. Akwatin talabijin kuwa ba a rama masa."

Baba ya ɗauki carbinsa yana ja. Can ya ce, "To tashi ka rama."

Abokina ya ce a'a, shi ina zai iya. Baba ya ce umarni ne. Sai ga mutumin nan da na ɗauka salihi ya miƙe, ya saɓa hannun babbar rigar da ba ya sanye da ita, ya yi gyaran murya irin na Baba sak, ya shiga kwaikwayon Bakatsine a kasuwa: yadda zai taya kaya da rabin kuɗi, sannan ya tsaya yi wa mai kayan bayanin malaman da aka yi a zuriyarsu. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mahaifiyata tana leƙe ta bayan labule tana cewa, "Wallahi shi ne, Alhaji, kai ne!"

Da dariyar ta lafa, Baba ya ɗauki hularsa, bai mayar ba. Ya ce, "Naka mu kaɗai muka gani. Nawa duk gari ya gani." Sai ya matso, ya ce, "Ɗiyana, faɗa mini yadda ake cewa ka yi haƙuri da Nufanci. Da harshenku nike so in roƙe ka."

Abokina ya buɗe baki, ya rufe. Ya duba sama kamar mai neman abu a rufin zaure. Sannan ya ce a hankali, "Baba, ban sani ba."

Baba ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu. Mun gama binciken, mun ci, malaminmu har ya yaba, amma ban tuna ko layi ɗaya da muka rubuta ba.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma abokina yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Har yau muna tare, kuma yanzu yana rama wasa, ba ya raga mini ko kaɗan. Ni ma ban daina son wasan ba, gadonmu ne, sai dai kafin in yi nakan duba ko wanda nake yi wa yana da bakin ramawa. Kwanan baya 'yarsa ta tambaye ni me ya sa kakarta ke wani yare da babanta ba ya ji. Na ce ta je ta tambayi babanta. Kunya ce ta hana ni ce mata amsar a gidanmu take.