Minti Biyar a Rediyo Bayan Jirginmu Ya Nutse

Jirginmu ya nutse a teku, ni kuma ban mutu ba. Wannan da abin da ya biyo baya ba za su fita daga kaina ba har a binne ni.

A shekarun tamanin ne. Jirgin kaya ne, ya taso daga Legas, ina aiki a ɗakin inji. Guguwa ta same mu saura kwana biyu mu iso Ingila, ruwa ya shiga, jirgi ya kife. Kowa ya kama abin da ya samu. Ni ƙyauren banɗaki na samu. A kansa wasu masunta suka tsince ni, suka kai ni wata tasha daban. Kafin in iso Landan kamfani ya riga ya aika gida cewa na mutu.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu kusa da Yawuri, babu waya. Wasiƙa sai ta yi makonni. Na san halin Inna: in baƙin ciki ya kama ta, abinci take dainawa.

Na sauka a unguwar Plumstead ta Landan wurin wani dattijo mutumin Kumasi mai sayar da yadi. Shi ya ce da irin Hausarsu, "Mamanka yana jin rediyo? To ka tafi gidan rediyo ka yi magana, gobe ya ji ka." Ya yi mini booking da wani saurayi Bakano mai aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Muka hau bas har Aldwych, inda gidan rediyon yake.

Saurayin ya zaunar da ni, ya ce, "Malam, ba mu labari."

Na ce, "Ruwa ya shiga. Jirgi ya nutse. Na fito."

Ya jira. Ni ma na jira.

"Me ka ji a ranka lokacin?"

"Sanyi."

Ya kashe na'ura, ya dafe kai. "Malam, minti biyar aka ba ni. In ba mu cika ba, za a yi cancel." Na ce ai abin da ya faru ke nan. Ya ce masu sauraro suna son bayani. Sai ya riƙa faɗa ina maimaitawa: yadda igiyar ruwa ta kai tsayin bene, yadda na tuna ƙuruciyata, yadda na dubi sama na yi tunani a kan rayuwar ɗan Adam. Ni ban dubi sama ba, ƙyaure nake dubawa. Ƙyauren ma ya ce mu kira shi katako, don banɗaki bai dace da rediyo ba. Sau huɗu muna sakewa. Na fito maƙogwarona na ciwo fiye da ranar da na sha ruwan gishiri.

Bayan kwana shida ƙanena ya shiga gari ya bugo waya. Ya ce duk ƙauye an ji, an yi murna, ban da Inna.

"Yaya, ta ce ba kai ba ne. Wai muryar ta yi kama, amma wannan mai surutu ne. Ta ce tun da ta haife ka ba ka taɓa jera magana goma ba, teku kuwa ba ta koya wa mutum baki. Koko kaɗai take kurɓa, shi ma sai da faɗa."

Na sayi kaset na awa ɗaya, na ari rikodar dattijon, na danna. Na ce, "Inna. Ni ne. Ki ci abinci." Na rasa abin ƙarawa, na zauna har kaset ya ƙare. Babu komai ciki sai numfashina da ƙarar motoci, da tari sau ɗaya. Wani ɗalibi mai komawa Sakkwato ya tafi da shi.

Ƙanena ya ce Inna ta saurara har ƙarshe, ta sa aka juya ɗaya gefen, wanda ban ɗauki komai a kansa ba, shi ma ta saurara. Sannan ta ce, "Shi ne. A kawo tuwo."

Abin da na koya: in za ka yi magana da naka, yi da bakinka. Wanda aka ara maka, ko ya fi daɗi, ba za a gane ka da shi ba.

Ban sake hawa jirgin ruwa ba. Ina Plumstead har yanzu, ina gadi a wani asibiti. Aikin ba ya buƙatar magana.