Kwamfuta Biyu, Giyabos Ɗaya: Tafiyata Magamar Jibiya

Katsina

Ana sallame sallar asuba na zura hijabi na nufi tashar motocin Jibiya. Yaya Lawal ne ya bugo tun jiya. Babbar motar Daf ɗin da yake ja ta taso daga Maraɗi da albasa, tana ƙetaro boda wata jar fitila ta kama a gabansa, an ce man giyabos ne ya yi zafi. Maigidansa ya ce ya sayi kwamfutar gwajin mota ya duba, in kuwa ya ƙona giyabos ya ajiye makulli. Kwamfuta Turanci take yi, ni ce kuma na gama sakandare a gidanmu. Shi ke nan dalilin tafiyar.

Lokacin shari'a na da zafinta, mata kujerar baya. Kwandasta ya karɓi ɗari da hamsin ya ce, "Hajiya, ina muharraminki?"

Na ce, "Yana boda, albasarsa na ruɓewa. Za mu tafi ko wa'azi za ka yi?"

Hanya

Tafiyar ba ta kai kilomita hamsin ba, amma shinge ya fi ƙauyuka yawa. A Daddara kwastan suka sauke wata tsohuwa suka caccaki buhun kukarta. Ba mu isa Magama ba sai da hantsi.

Magama

Warin albasa ne ya kai ni wurin Yaya. Na same shi a gindin mota, ido ja, makanikai biyu sun sa shi tsakiya. Ɗaya Oga Iro, mutumin Katsina, da kwamfuta rawaya 'yar Amurka. Ɗayan Sha'aibu, Bamaraɗe, da baƙa wadda ta biyo ta Kwatano. Kowa so yake a sayi tasa.

Aka tada mota. Iro ya jona tasa ƙarƙashin sitiyari ya miƙo mini. Na lalubo inda aka rubuta zafin mai, na karanta: ɗari da casa'in. Yaya ya dafe kai yana salati.

Sha'aibu ya ce, "Ƙarya ta kai! Kamyon ga lahiya tai." Kamyon, wai babbar mota a bakinsu. Ya cire ta Iro ya jona tasa. Na duba, ko kalma ɗaya ban gane ba, Faransanci ne zalla. Ya danna ya danna, lamba ta fito: tamanin da takwas.

Mota ɗaya, mai ɗaya, tsakani ko minti biyu babu.

Iro ya ce, "Ta 'yan Nijar yunwa take ji, shi ya sa lambarta ta rame."

Sha'aibu ya ce, "Taka hwa irin ku ce, komi sai ta ƙara mishi gishiri."

Yaya ya juyo. "Ke Rabi, wacce ke da gaskiya?"

Na ce, "To ni na ƙera su?"

Aka sake gwadawa, haka. Aka kashe mota aka tada, haka. Muka ci shinkafa da wake a tsaye, rana na dukan tamfol, ruwan albasa ya fara ɗiga ta ƙasan bodi. Kaina ya ɗaure tamau. Sai da na ƙura ido a kan rawayar don haushi na ga ɗan harafin F a gefen lambar, baƙar kuwa C. Wani abu na ajin kimiyya ya ɗan motsa mini. Ma'aunin zafi iri biyu ne, a ɗaya ruwa na tafasa a ɗari, a ɗayan ɗari biyu da sha biyu. Ko da ashirin ne? Wallahi ban tabbata ba.

Na ce, "Ina jin abu ɗaya suke faɗa. Bai kai tafasa ba."

Yaya ya ce, "Kina ji, ko kin sani?"

"Ina ji."

"To fitilar fa?"

Na tsallake zancen fitila. Na ce a sayi baƙar. Yaya ya ce, "Na ɗauko ki don Turanci, ki zaɓo mini Faransanci?" Na ce ɗari dai na san ta, ɗayar lambar kuwa ina shakka. Sha'aibu ya nuna mini maɓallan da zan danna, na haddace su kamar karatun allo.

Komawa

Bayan azahar muka tashi, ina gaban mota da kwamfuta a cinya. Yarjejeniyarmu, in lambar ta taɓa ɗari mu tsaya. Casa'in da ɗaya. Casa'in da huɗu. Yaya ba ya kallon hanya sosai, bakina yake kallo. A wani hawa bayan Daddara ta kai casa'in da bakwai. In na yi kuskure, aikin Yaya ne ya tafi, da bakina.

"Nawa?"

"Tuƙa kawai!"

Muna gangarowa ta sauko casa'in da uku.

Gida

La'asar muka shiga kasuwar Katsina. Buhunan ƙasa sun lalace, sauran sun tsira, giyabos lafiya, makulli na aljihun Yaya. Ya ce daga yau duk tafiya da ni za a yi. Na ce ya nemi ɗan Maraɗi, ni na gama. Na isa gida kafin magariba ina warin albasa har cikin hijabi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma rufa mini asiri a kan abin da ni kaina ban tabbatar ba.