Dakta Nélida Rengifo, Likitar da Ta Ƙi Hawa Jirgin Lima

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran Dakta Nélida Rengifo Tuesta a gidanta da ke nan Iquitos, mijinta da 'yarta suna gefenta. Shi ya ba mu aronta, shi ya karɓi abinsa. Ina ɗakin tiyata labarin ya iso. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba sai da na gama ɗinki, domin ta san dokarki, Dakta: ba a kawo wa mai aiki a jikin mutum labari, mai daɗi ko marar daɗi. Ko a ranar rasuwarki dokarki muka bi.

Sunana Wilmer Pinedo. Ni ne likitan da ke tsayawa kusa da majinyaci a nan asibitinmu, yayin da kike zaune a Lima, babban birnin ƙasarmu, tazarar fiye da kilomita dubu, kina sarrafa na'urar tiyata mai hannu huɗu da ke gabana. Abin da idona ya gani zan faɗa.

A Requena aka haife ki, a bakin kogin Ucayali. Kina 'yar makaranta mahaifinki ya kamu da ciwon ƙoda mai buƙatar aiki. Aka sauko da shi Iquitos a jirgin ruwa, aka ce aikin ya fi ƙarfin nan, sai Lima. Garinmu kuwa ba shi da hanyar mota zuwa can. Yana jiran gurbi a jirgin sama rai ya yi halinsa. Sau ɗaya na taɓa jin labarin daga bakinki, kuma idonki a bushe yake lokacin da kika ce, "Ciwon yana da magani, Wilmer. Nisa ne ya kashe shi."

Kin yi karatu, kin ƙware, kin zama cikin waɗanda ake ji da su a Lima. Da kin so, da kin zauna can cikin rufin asiri. Sai kika ɗauko maganar da ta sa wasu suka riƙa yi miki kallon mai mafarki: a girke na'urar a Iquitos, ƙwararrun Lima su riƙa yin aikin daga inda suke. A wani taro wani babba ya tambaye ki, cikin dariya, ko da hasken kyandir za a tayar da ita. Kin tafi kin nemo janareta, kin nemo layin sadarwa biyu, ɗaya ta waya ɗaya ta tauraron ɗan Adam, sannan kika dawo masa da maganar. Shekaru kika yi kina wannan safa da marwa.

Da na'urar ta iso, ba mu taɓa mutum ba sai da muka gaji da gwaji. Ni ke zuwa kasuwar Belén in sayo hanjin saniya, ki yanka ki ɗinke daga Lima, sannan ki sa ni in kwance na'urar in ƙarasa da hannuna. Muka maimaita har mai sayar da hanjin ta fara tambayata ko gidan abinci na buɗe.

Majinyacinmu na farko shi ne Don Abelardo Yahuarcani, tsohon masunci mai ƙari a ƙoda. Da na nuna masa na'urar, ya ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"Wannan gizo-gizon ne zai farka min ciki? Ita likitar tana ina?"

"Tana Lima, Baba."

"To ta zauna a Lima da lafiyarta, ni ma in koma gida da ciwona. Ko kifi ba na fiɗarsa sai ina riƙe da shi."

Ya tattara ya koma ƙauyensa. Da na gaya miki, na zaci za ki ce mu nemi wani. A ƙarshen makon sai ga ki a filin jirgi, muka shiga kwalekwale muka bi shi. Kika zauna a dandamalin gidansa, kika ci gasasshen kifi da tacacho, dakakkiyar ayabar nan tamu, har kika nemi ƙari. Sai da aka kwashe kwanuka kika ce, "Baba, in ka jefa fatsa, hannunka ne ke shiga ruwa?"

"A'a."

"Amma kana jin motsin kifin?"

"Ta igiya mana."

"To ni ma haka ne. Igiyata ce kawai ta fi taka tsawo."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "'Yar nan, bakinki ya fi wuƙarki kaifi. In igiyar ta tsinke fa?"

Kika nuna ni da haɓa. "Ga Wilmer nan. Ba shi da kyan gani, amma yana da hannu."

Tsohon ya yarda a yi masa aikin, igiyar kuwa ta tsinke. Muna tsakiyar aikin hadari ya sauko da ruwa mai ƙarfi, hoton ya daskare, hannuwan na'urar suka tsaya cak kamar yadda aka tsara su. Sai muryarki ta shigo ta wayar hannu, a natse, kamar kina tambayar kwanan gida: "Wilmer, me kake gani?" Na ce jini kaɗan ta gefen hagu. Kika ce, "Danne shi yadda muka saba. Manta da allon, majinyacin za ka duba." Na danne. Layi na biyu ya kama, kika karɓi aikin, kika cire ƙarin lafiya. Da tsohon ya farfaɗo, ke da kanki kika gaya masa abin da ya faru, ba ki rage komai ba. Ya ce, "Ai na gaya miki." Har yau yana kamun kifi.

Bayansa mutane da yawa sun kwanta a ƙarƙashin na'urar nan sun tashi. Ba ki taɓa fara aiki ba sai kin bayyana a allo kin gaisa da majinyaci, kin kira sunansa, kin tambayi daga wane kogi ya fito. Da kika ji cewa masu jinya daga ƙauyuka suna kwana a bakin titi, kika matsa har aka ba su rumfa a bayan asibiti inda za su rataya ragar kwanciyarsu. Kina da faɗa, ba zan ɓoye ba. Babu wanda ya koyi aiki a hannunki bai sha shi ba. Amma ba ki taɓa yi mana shi a gaban majinyaci ba, kuma in kin gama sai ki tambayi ko mutum ya ci abinci.

Bara aka gano kansar hanji a jikinki, kina hutu a nan gida. Abokan aikinki na Lima suka tanadar miki gado. Mijinki, Don Teófilo, ya roƙe ki ki tafi. Ni ma na same ki a baranda na roƙa.

"Dakta, don Allah ki hau jirgin nan. Can kowa na kusa da ke."

"Ɗana, zauna." Na zauna. "Na sa iyayen mutane da 'ya'yan mutane sun kwanta a ɗakin nan, na ce musu babu abin tsoro. In tawa ta zo na gudu, da wane ido zan dube su? Ko kana shakkar hannunka ne?"

"Ba na shakka."

"To ka daina ɓata min lokaci."

Ɗalibarki, Dakta Maritza Huamaní, ita ta zauna a kujerarki a Lima, ni kuma na tsaya a inda na saba. Kafin maganin barci ya ɗauke ki kika dubi allo kika ce, "Maritza, in kika yi min ɗinkin ganganci zan gani in na farka." Ban taɓa yin aikin da ya yi min nauyi kamar wannan ba. An gama lafiya, kin tashi, kin yi tafiya da ƙafarki, har kin koma koyarwa na wasu watanni.

A nan dole in faɗi wata magana a fili, domin na ji abin da ake raɗawa a gari, cewa da kin tafi Lima da kina nan, cewa na'urar ce ta cuce ki. Ba gaskiya ba ne. Aikin ya yi kyau. Ciwon ne ya riga ya kai hanta tun kafin a gano shi, kuma babu hannun likitan da zai canza wannan, a nan ko a can. Ke da kanki kin duba hotunan kin gaya mana haka. Wasu majinyata sun ji raɗe-raɗin sun janye a makon nan. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, har gida in ta kama, domin ciwonsu ba zai jira mu gama makoki ba.

Jiya bayan an binne ki, wata malamar makaranta daga Nauta, wadda za a yi wa aiki ranar Litinin, ta tare ni a ƙofar maƙabarta. Ta ce, "Likita, tunda Dakta ta tafi, an rufe ke nan?" Na ce mata ta zo da sassafe, kada ta ci komai. Maritza za ta zauna a Lima, ni ina nan a gefen malamar. Matasan likitoci biyu da kika zaɓo daga garuruwan kogi za su tsaya bayana su koya. Ba za a rufe ɗakin nan ba muddin muna numfashi.

Allah ya ji ƙanki, Dakta Nélida. Ya yafe miki kurakuranki, ya karɓi wahalar da kika sha domin mutanen kogi, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Don Teófilo, da 'yarki Araceli, da danginki na Requena, da duk wanda ya taɓa kwanciya ya tashi a hannunki. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Mu kuma da kika bar wa aiki, Allah ya ƙarfafa hannuwanmu, ya sa kada mu ba ki kunya. Amin.