Idon Agali da ruwan da ya ƙi tafasa

Har gobe idan akwatin ɗumamen nan ya yi ƙara, ranar Agali nake tunawa, gabana ya faɗi. Ku yaran kicin kuna mini dariya wai tsoho na tsoron na'ura. To ku zauna ku ji.

Bayan farin tamanin da huɗu ina kuku a gidan wani furoje na raba abinci a Tanut. Madam, shugabarmu, ta zo da akwatin daga ƙasarsu, suna ce masa mikro'ond. Sai an tada janareta yake aiki. Ta koya mini dokarsa: ba a sa kwanon ƙarfe, a ba shi lokaci kaɗan, in ya tsaya a bar abin ya huta, sannan a juya da cokali, fuska a nesa.

Agali shi ne direbanmu, Buzun Tarka, mai 'ya'ya da tsohuwa, duk a kan sitiyarin nan suke ci. Mutum ne da ba ya tada mota sai ya sha shayi. Ran nan da safe zai kai hatsi Belbeji, ga ruwan sama ya jiƙa gawayi. Ina yankan albasa ya shigo, ya cika kofin gilashi da ruwa, ya sa a akwatin.

Ku gane, mu duka da ido da kunne muka san tafasa. Sai mun ga ruwa yana ɓulɓula a buta muke yarda. Akwatin ya tsaya, Agali ya leƙa, ruwa lum.

Ya ce, "Kuku, abin nan naku ƙarya ne, ko motsi bai yi ba."

Na ce, "Bar shi ya huta, Buzu, ba raƙumi ba ne da za ka yi ta duka."

Ya yi dariya, ya sake murɗa makunnin akwatin. Da ya fito da kofin, sai ya sunkuya yana neman kumfa, ya jefa dunƙulen sukari. Wayyo Allah! Ruwan nan ya tashi gaba ɗaya ya watsu a fuskarsa. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba.

Ya durƙusa yana cewa, "Idona, Kuku, idona!" Na ja shi bakin randa, na yi ta kwarara masa ruwan sanyi. Maigadi ya rugo da man shanu zai shafa. Madam ta tare shi, ta ce ruwa kawai, kada a daina. Fatar idon ta kumbura har ba ya iya buɗewa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar Tanut, asibitin garinmu, ya duba ya ce wannan sai babban asibitin Damagaram.

Madam ce ta tuƙa, ni ina baya riƙe da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuskarsa. Duk tsawon hanya bai yi kukan zafi ba. Tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Wa zai ba makaho mota?" Ni dai sai salati nake yi. Wallahi na ji tsoro.

Ranar da aka kwance bandejin ina tsaye a kansa. Ya buɗe na dama a hankali, ya dube ni, ya ce, "Har yanzu ba ka aske gemun nan ba?" Na fashe da kuka a gaban mutane. Amma na hagu hazo-hazo yake gani, kuma haka ya zauna. Furoje bai kore shi ba, ya ba shi tsaron ma'ajiyar hatsi. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Abin da na koya ke nan: a wannan akwatin, ruwa yakan wuce tafasa bai nuna ba, kuma mai gaggawa shi yake samu. Shi ya sa nake riƙe hannunku in kun zabura za ku buɗe. Duk motar furoje da za ta fita, Agali yakan tashi daga bakin ma'ajiya ya juya kansa, ya bi ta da idon dama har ta ɓace.